Neman shawara kan haɗaɗɗiyar amfilifaya ta gida: wa ya taɓa riƙe irinta a zafin Katsina?

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, domin na daɗe ina tara ɗan abin da Allah ya hore mini da niyyar sayen amfilifaya mai nagarta da zan ajiye a falona, irin wadda aka haɗe sassa biyu cikin akwati guda, wato sashen da ke karɓar sauti yana daidaita shi, da sashen da ke ba shi ƙarfin tura lasifika. Abin da ya ja ni ga wannan shi ne faya-fayan garmaho da kaset-kaset da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, waɗanda galibinsu kiɗan kalangu ne da kotso da gurmi. Duk lokacin da na sa su a kayan sautin da nake da su yanzu, sai in ji kiɗan ya dunƙule wuri ɗaya, ba na iya bambanta muryar mawaƙi da ta 'yan amshi, alhali na san ba haka na riƙa jin su ba ina yaro a zaurensa.

Wani aminina da ke zaune a Ingila ya samo mini guda biyu na hannu, dukkansu ƙirar kamfanin Luxman na Japan. Ta farko ita ce L-509X, mai aiki da tsarin Aji AB, wato wadda jan wutarta ke ƙaruwa idan an ƙara murya, tana ba da wat 120 ga kowace lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin juriyar lasifika ga wuta). Ta biyu kuma L-590AXII ce, mai tsarin Aji A, wato wadda ke jan cikakkiyar wutarta koyaushe, wat 30 kawai take bayarwa, amma na sha karanta cewa sautinta ya fi taushi da daɗi. Zuciyata ta fi karkata ga ta biyun, sai dai ina jin tsoron zafin bazara da ƙurar hunturu da kuma halin wutarmu. Kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake so in ji daga bakin waɗanda suka zauna da irin waɗannan kaya a wannan yanki namu.

Mai Faifai na GRA ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ita wannan L-509X ɗin da ka ambata ita ce a falona, kuma bana ta cika shekara uku a wurina. Ranar da ta iso sai da na kira ƙanena ya kama mini, domin nauyinta ya kai kilo 29, kuma yawancin nauyin na taransifomar da ke cikinta ne da ƙarafan da ke fitar da zafi.

Abin da ya fara ba ni mamaki ba ƙararta ba ce, shirunta ne. Idan faifai ya ƙare, ko ka kanga kunnenka a jikin lasifika da ƙyar za ka ji wani motsi, kuma daga cikin wannan shirun ne kiɗa ke fitowa. Daren farko na ɗora wani tsohon faifan kalangu da na yi shekara da shekaru ina saurare, sai na ji saukar gula a kan fata daban, amon da ke biyo bayanta daban, har ina iya gane lokacin da makaɗin ya matse igiyoyin kalangun a hammatarsa sauti ya hau, da lokacin da ya sassauta ya sauko. Kurkutun da nake zaton babu shi a faifan, ashe yana nan a gefe yana ta aikinsa. Na zauna har ƙarfe ɗaya na dare ina sauya faifai, kuma muryar tana ƙasa ƙwarai, yaran da ke barci a ɗaki na kusa ko motsi ba su yi ba. A ganina wannan ne ainihin abin da mutum yake saye da kuɗinsa, wato ya ji komai a fili ba tare da ya ƙure murya ba.

Tana da mashigar garmaho a jikinta, saboda haka ba ka bukatar sayen wani akwati daban domin faya-fayan mahaifinka. Amma ka sani ba ta da sashen da ke juya sautin kwamfuta ko na waya, sai ka nemi wannan daban. Ka kuma shirya wa wani abu guda: ba ta rufa wa mummunan ɗauka asiri. Waƙar da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ta rame, a nan za ka ji ramarta ƙarara. Tsofaffin kaset ma sukan fito da shuuu ɗinsu, sai dai tana da maɓallan rage kaifin sauti da ƙara kaurinsa, kuma ni ba na jin nauyin amfani da su.

Injiniya daga Daura ya rubuta:

Malam, ina yi maka fatan alheri. Aikina na lantarki ne, kuma ina da amfilifayar Yamaha A-S2200 a gida, mai wat 90, don haka bari in tsaya a kan abin da na fi sani.

Tsarin Aji A da zuciyarka ta kwanta da shi yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka fahimta tun kafin ka biya kuɗi. Transistocinsa, wato 'yan ƙananan sassan da ke ƙara wa sauti ƙarfi, a buɗe suke koyaushe, wuta na ratsa su ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma duk wutar da ba ta zama sauti ba zafi take komawa. Amfilifaya irin wannan tana iya jan wat 200 ko fiye tana zaune shiru, kamar ka kunna ɗan ƙaramin hita ne a tsakiyar falo. A Japan ko Ingila wannan ba abin damuwa ba ne, wani lokaci ma alheri ne. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 da rana, kuma ɗakin da ke da rufin kwano ba ya hucewa sai can cikin dare. Kafasitocin da ke cikin waɗannan kaya, wato sassan da ke tara wuta, suna da wata ƙa'ida da duk mai gyara ya sani, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kusan rabin tsawon rayuwarsu. Idan falonka yana da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta riƙe ta, to babu laifi. Idan kuwa fanka ce kawai, kuma da daddare a kan batirin sola kake, Aji AB ce ta dace da kai, domin ita sai an ƙara murya take ƙara jan wuta.

Game da wat 30, kada adadin ya tsorata ka, kada kuma 120 ya ruɗe ka. Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Lasifikar da ke ba da desibel 90 da wat ɗaya a nisan mita ɗaya za ta cika falo madaidaici da wat kaɗan. Wadda take ba da 84 ko 85, kuma juriyarta tana sauka zuwa om 4 ko ƙasa, ita ce mai gajiyar da ƙaramar amfilifaya. Saboda haka tambayar wat ba ta amsuwa sai mun san lasifikarka.

Sai maganar wuta, wadda a wurina ita ce gaba da komai. A ƙa'ida wutar ƙasar nan bolt 230 ce, amma duk wanda ya taɓa sa mita a soket da magariba ya san takan sauka ƙasa da haka sosai, sannan ta dawo da ƙarfi ba sallama. Kada ka jona amfilifayar kai tsaye. Kada kuma ka sa mata ƙaramar sitabilaiza mai ƙas-ƙas irin ta firji, domin tana sauya wuta ne tsalle-tsalle, kuma sau da yawa za ka ji tsallen a lasifika. Ka nemi mai ɗan inji a ciki, wadda ake kira servo, wadda ke daidaita wuta a hankali, mai jinkirta kunnawa bayan an dawo da wuta. Abin da ya fi duka, idan kana da hali, shi ne ka ciyar da ita daga inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi. Inbata mai araha tana fitar da wuta mai kusurwa-kusurwa, kuma babbar taransifoma ba ta jure ta, za ka ji tana gurnani tana ɗaukar zafi. Ƙaramin janareta ma ka nisanta ta da shi. Ka sa a duba maka ko wayar ƙasa ta gidanka da gaske tana binne a ƙasa, domin gidaje da yawa soket ɗinsu mai ƙafa uku ne amma ta ukun ba a jone take da komai ba. Da damina kuwa, da zarar hadari ya haɗo an fara walƙiya, ka zare ta daga bango gaba ɗaya, kashe maɓalli kaɗai bai wadatar ba.

Baba Mai Garmaho ya rubuta:

Ɗana, tun da abokinka a Ingila yake, da alama ka tsira daga ramin da na faɗa, domin wutarsu da filoginsu irin namu ne. Duk da haka ka ce ya ɗauko maka hoton bayanta ka karanta da idonka. Shekarun baya na sayi wata tsohuwar amfilifaya mai kyau a hannun wani ɗan kasuwa da ya ce daga Turai ta zo, ashe an ƙera ta ne domin kasuwar cikin Japan, inda wutarsu bolt 100 ce. Rubutun yana nan a bayanta, ɗan ƙarami, ni ne ban duba ba saboda ɗoki. Ina jonawa fitilunta suka haska sau ɗaya, sai wani ɗan ƙara, sai warin ƙonannen fenti ya cika ɗakin. Wata takwas tana hannun masu gyara tsakanin nan da Kano, aka naɗa mata sabuwar waya a taransifoma, ta tashi, amma har yau tana da wani ɗan gurnani da ba a haife ta da shi ba. Kayan Amurka ma haka suke, bolt 120 ne, sai da taransifomar rage wuta.

Ƙurar hunturu kuma maganinta sauƙi ne. Idan ta huce ka rufe ta da ƙyalle, idan za ka kunna ka yaye, kuma kada ka cusa ta cikin kabad, ka bar mata sarari a sama ta sha iska.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Rediyo ta rubuta:

Ƙanena, na karanta duk abin da aka faɗa maka kuma ban ga na zubarwa ba, amma ni ina da ja a kan tsarin kashe kuɗin. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin ɗaukar sauti, kuma abin da na koya shi ne bambancin da ke tsakanin amfilifaya biyu masu kyau ƙarami ne idan aka gwada shi da bambancin da lasifika da ɗaki suke kawowa. Ba ka gaya mana wace lasifika gare ka ba, kuma wannan shirun naka ne ya sa na yi magana.

Falukanmu na yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, duk abubuwan da ke mayar da sauti. Dunƙulewar da kake kuka da ita mai yiwuwa rabinta daga nan take. Ka tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya, idan ka ji tafin ya ja wutsiya, to ɗakin ne ke magana tare da mawaƙinka. Zauren mahaifinka da kake tunawa, ina kyautata zaton ginin ƙasa ne mai rufin azara, da tabarmi ko darduma a shimfiɗe, kuma irin wannan ɗaki ba ya amsa kuwwa kamar namu. Ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da lasifika, ka rataya labule mai nauyi, ka janye lasifikan daga bango da kamar rabin mita, ka sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar da ke tsakaninka da kowacce. Ka kuma duba allurar garmahonka, domin tsohuwar allura tana ɓata sauti, tana kuma cin faifan da ba za ka sake samun irinsa ba. Bayan ka yi waɗannan, idan har kunnenka yana neman ƙari, sai ka aika da kuɗin.

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya, na yi gwajin tafin da kika ce jiya bayan isha'i, kuma gaskiyarki ce, sai da na ji shi ya zagaya falon ya dawo. Na ɗauko dardumar ɗakin baƙi na shimfiɗa, na ja lasifikan gaba, kuma ko da tsofaffin kayan nawa muryar 'yan amshi ta fara rabuwa da kiɗan. Allurar kuwa tun zamanin mahaifina ba a sauya ta ba, don haka na dakatar da sa faya-fayan har sai sabuwa ta iso.

Baba, na karɓi hoton bayan dukkansu biyun, bolt 230 aka rubuta. Na haƙura da ta Aji A, domin falona fanka ce kawai, kuma da daddare a kan batiri nake. Injiniya, na duba bayan lasifikan nawa, an rubuta om 6 da desibel 87, inbatar gidan kuma mai ƙarfin 3.5 kVA ce, irin mai tsaftatacciyar wutar da ka ambata, amma firji da injin jan ruwa duk a kanta suke. Shin in bar amfilifayar a layi ɗaya da su?

Injiniya daga Daura ya sake rubutawa:

Lasifikanka ba za su wahalar da L-509X ba ko kaɗan, tun da an ƙera ta ta riƙe har om 4, inda take ba da wat 220. Ƙarfin inbatarka ma ya isa. Matsalar ita ce injin jan ruwa da firji, domin duk lokacin da suka tashi suna fizgar wuta mai yawa na ɗan lokaci, kuma za ka iya jin ɗas a lasifika. Ka sa mai aikin lantarkinka ya ja wa falon waya ta daban tun daga akwatin rarraba wuta, mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da nata makatsin, sannan ka mayar da jan ruwa zuwa hantsi lokacin da rana ke kan farantin sola. Idan ta iso, kada ka kunna ta ranar da aka sauke ta sai an auna wutar soket ɗin da mita a gabanka, da safe sau ɗaya, da magariba sau ɗaya.