Dan Allah wace kalma za mu sa wa jerontoloji da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki, musamman malamanmu na sashen harsuna da 'yan gidan rediyo, tunda ku ne kullum kuke fama da irin wannan aikin.

Mu ɗalibai ne a nan Gombe, ba mu kai ashirin ba, wasu na karanta jinya wasu likitanci, ni da ƙawayena biyu muna ɓangaren nazarin zamantakewa, akwai ma wani ɗan lissafi da ya shigo cikinmu sabida kakansa da yake jinya a gida. Tun bara duk Asabar muke zagaya unguwanni, Jekadafari, Bolari, Herwagana, wani satin mu leƙa Pantami, muna gaida tsofaffi, 'yan jinyar cikinmu su auna musu jini da suga, mu kuma mu yanke farce mu zauna a yi hira, wanda idonsa ya fara hazo mu yi magana da 'ya'yansa a kai shi asibiti. Toh yanzu 1 ga Oktoba na tafe, ranar tsofaffi ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1990, muna so mu yi ɗan taro mu buga kyalle da Hausa zalla. Komai mun rubuta, sai sunan fannin da kansa ya tsaya mana a wuya.

Bari in faɗi abin da ake nufi da shi tukun kar a ba mu kalmar da ba ta kama ba. Fanni ne da ke bin yadda mutum yake tsufa ta kowace fuska, jiki da ƙwaƙwalwa da aljihu da zama cikin mutane. Me ya sa ƙashi ke yin laushi har faɗuwar banɗaki ta karya ƙugu, me ke samun ma'aikaci ranar da ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki aka ce ya tafi gida, wa ke ɗaukar nauyin tsohuwa in 'ya'yanta duk suna Abuja da Legas, duk yana ciki. Wani masani ɗan Rasha mai suna Elie Metchnikoff da ya yi aiki a cibiyar Pasteur a Faris shi ya ƙirƙiro kalmar a 1903, daga Girkanci, geron wato tsoho, da logos wato ilimi ko nazari.

Na san wani zai ce a ara kawai kamar yadda muka ari kwamfuta da intanet. Mun gwada wallahi. In ka rubuta gerontoloji Bahaushe gero zai fara gani, mun nuna wa wani baba mai sayar da hatsi takardar ya ce ko sabon iri ne aka kawo. In ka rubuta jerontoloji kuma ba abin da yake faɗa wa kowa. Kwamfuta abu ce da ake gani a taɓa, sunan ya bi ta. Wannan kuwa in sunan bai yi bayani ba shikenan an bar mutanen da ake yi dominsu a waje.

Ina jiran ku.

Ƙari bayan la'asar

Kai masha Allah, ban zaci za a amsa haka ba, na gode ƙwarai. Bari in bi su, wasu da sauri wasu kuma sai na ɗan tsaya.

Ilimin manya shi aka fi kawowa, kuma na gane dalili, yana da ladabi. Amma an riga mu, ilimin manya tuntuni sunan karatun yaƙi da jahilci ne, in muka sa shi a kyalle iyaye mata za su zo da littafi da biro.

Ilimin tsofaffi kuma harshen damo gare shi, zai iya zama ilimin da tsofaffi suke da shi, irin sanin sassaƙe da saiwa da tarihin gari.

Wani ya ce kula da gajiyayyu. Dan Allah ɗan'uwa ka yi haƙuri, wannan ko kusa. Akwai tsohon da muke gaisarwa a Bolari ya haura 80 har yau shi ke tuƙa kekensa zuwa gona, ka ce masa gajiyayye?

Wani malam, Allah ya ƙara masa ilimi, ya ce Larabawa ilmush shaikhukha suke cewa, mu ɗauko. Malam ai ka fi ni sani, shaihu a bakinmu ya riga ya koma malami babba, sai a ɗauka nazarin shehunnai za mu yi.

Wanda ya fi cin mana lokaci shi ne nazarin dattawa, har a cikin ƙungiya kusan rabi shi suke so, kuma ni ma da farko can na karkata. Kalma ce mai kwarjini, ba tsohon da za ka ce wa dattijo ya ɓata rai. Wata 'yar'uwa daga Dukku ma ta tuna mana cewa dattijo aro ne daga Fulatanci, ndottiijo, toh mu 'yan Gombe kamar kayanmu ne ya dawo gida. Amma ku duba, na ɗaya Majalisar Dattawa ta riga ta cinye kalmar a rediyo, mai sauraro zai iya ɗauka sanatoci za mu bincika. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, dattaku hali ne ba shekaru ba, yaro ɗan 30 ana ce masa yana da dattaku, tsoho ɗan 70 ana iya cewa ba shi da shi. Kuma fannin nan ba ya zaɓe, yana kallon limamin unguwa yana kallon tsohuwar da ke bara a bakin kasuwa wadda ba wanda ya taɓa ce mata dattijuwa.

Saura biyu kenan, kimiyyar tsufa da nazarin tsufa. 'Yan likitancinmu kimiyya suke so. Ni kuma ina ganin kimiyya tana jan hankali zuwa ɗakin gwaji da farar riga, alhali rabin abin fansho ne da gado da kaɗaici da wa zai dafa wa Baba abinci. Nazari ya fi faɗi, yana ɗaukar mu duka, kamar yadda ake cewa nazarin harshe ko nazarin halittu.

Sannan a raba abu biyu dan naga ana ta cakuɗa su a amsoshi. Akwai reshen asibiti na duba cututtukan tsofaffi, shi kalmarsa daban ce, geriatrics a Turance, wani likita a Amurka Ignatz Nascher ya ƙirƙiro ta a 1909, kuma ya gina ta ne a kan kalmar likitancin yara. Mu wannan bai ba mu wahala ba ko kaɗan, muna da likitan yara muna da likitan mata, sai likitan tsofaffi ya zauna daram, fannin kuma likitancin tsofaffi. Irin cibiyar da aka buɗe a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012 mai sunan Tony Anenih, wannan aikinta kenan. Likitancin tsofaffi ɗaki ɗaya ne a cikin gidan, nazarin tsufa shi ne gidan gaba ɗaya.

Ƙari na dare

Anti da kika rubuto min doguwar magana, na karanta sau biyu, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Kin ce kalmar tsufa tana da kaushi, da ita ake zagi, tsohon banza, tsohuwar kaza, kuma tsoho muke ce wa takalmin da ya mutu, ya za mu ɗaga ta a kyalle a gaban iyayenmu. Gaskiya ne Anti ana zagi da ita. Amma kuma da ita saurayi yake cewa tsohona ya aike ni, tsohuwata ba ta da lafiya, kuma duk mun san ba raini a ciki, ƙauna ce.

Ban so in yanke da kaina ba, sai bayan magariba na ɗauki takardar na kai wa Baba maƙwabcinmu, tsohon malamin firamare ne, yana zaune kan buzunsa a ƙofar gida da 'yar rediyonsa. Na durƙusa na gaishe shi na ce Baba ga abin da ya hana mu barci. Ya sa tabaransa wanda hannu ɗaya da zare aka ɗaure shi, ya haska da tocilar waya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana motsa baki. Da ya zo kan dattawa ya yi murmushi ya wuce. Da ya zo kan tsufa sai ya ɗora yatsa ya ce "'yata wannan za ku rubuta. Ni na tsufa, gwiwata ta sani, idona ya sani. In kuka ɓoye sunan abin to kunyarsa kuke ji, mu kuwa roƙo muka yi Allah ya kawo mu nan." Sai ya karanto min ayar Suratur Rum ta 54, inda Allah ya ce ya halicce mu daga rauni, sannan ya sanya ƙarfi bayan rauni, sannan ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfi. Ya ce kin ga ai ba tsofaffi kaɗai ake magana ba, hanya ce, ke ma kina kanta.

Wannan ne ya ƙarasa gamsar da ni. Tsofaffi mutane ne, su can. Tsufa kuwa abu ne da ke faruwa, kuma ya fara aiki a jikin kowa, hawan jinin da ba a kula da shi ba a 40 shi ke zama shanyewar ɓarin jiki a 65. Fannin abin da ke faruwa yake bi, dan haka sunansa ya kamata ya kama tsufa ba tsofaffi ba.

Wani ya tambaya wai meye na wahalar da kai, mu da ƙasarmu yara ne suka fi yawa. Ɗan'uwa yaran nan su ne tsofaffin gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi za su kasance. Wasu sun daɗe da shiri, Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta buɗe makaranta sukutum ta wannan fanni a 1975, ɗalibansu a Amurka suna da ƙungiya mai suna Sigma Phi Omega tun 1980. Mu ma nan shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Amma duk wannan da Turanci yake yawo, bai iso zauren gidanmu ba, kuma ba zai iso ba in ba shi da sunan da Goggo za ta iya faɗa.

Toh ga inda muka tsaya, na tura wa 'yan ƙungiya sun amince har da 'yan kimiyya. Fannin, nazarin tsufa. Mai karanta shi, ɗalibin nazarin tsufa. Wanda ya ƙware, masanin tsufa. Na asibiti, likitan tsofaffi. In muna gaisuwa ko muna kiran mutum kuwa Baba ne da Inna da dattijo kamar kullum, wannan ba mu taɓa ba.

Amma kar ku watse dan Allah, akwai wata kalmar da ta fi wannan ci min rai, kuma ita ce ma ta sa na shiga ƙungiyar tun farko. Kakata da muke kira Dada shekara uku kenan ta fara ruɗewa. Duk yamma sai ta raba goro biyu ta ƙulle rabi a bakin zaninta ta ce na Malam ne in ya dawo masallaci, Malam kuwa ya rasu tun ina firamare. Wata rana ta fita nemansa ba takalmi, sai wani mai acaɓa da ya san gidanmu ya dawo da ita. Maƙwabta wasu suka ce iska ce wasu suka ce sammu, yaran layi har sun fara gudu in sun hango ta. Mu kuma a gida muka ce gigin tsufa ne, muka rufe ƙofa da sakata muka ci gaba da haƙuri, ba wanda ya yi tunanin asibiti sabida sunan da kansa ya ce mana tsufa ne kawai, wa ke kai tsufa asibiti?

Sai da na fara karatu na gane cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ake kira dementia a Turance, ba dole ba ce ga duk wanda ya tsufa, Baba maƙwabcinmu ya girme ta kuma har yau yana tuna sunayen 'yan ajinsa. Mafi yawanta irin wadda likitan nan na Jamus Alois Alzheimer ya bayyana ce a 1906, kuma in an haɗa duka ire-irenta sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita a duniya. Ko ba a warkar da ita akwai abin da ake yi, a duba jini da suga da ji da gani, a koya wa masu jinya kar su riƙa musu da ita. Ni yanzu in ta ce na Malam ne sai in ce toh Dada kawo in ajiye masa, ta miƙo min ta kwanta hankali kwance.

A nan kam ina ganin kalmar tsufa cutar da mu take yi, so nake a cire ta daga sunan. Wata 'yar jinyarmu ta kawo ciwon mantuwa, wani ya ce cutar ruɗewar ƙwaƙwalwa, ni na fi karkata ga ta biyun dan ba mantuwa kaɗai ba ce, Dada har hanyar banɗaki takan ɓace mata. Jibi da safe zan kai wa mai buga kyalle aikin, na bar masa layi ɗaya ba rubutu a ƙasa sabida wannan kalmar. Wanda ke da wadda ta fi ya ajiye min a nan kafin gobe da dare.