Tabilet ko majigi: wanne ne zai ƙara wa ɗalibai ƙoƙari a aji?

Sakataren Kwamiti:

Assalamu alaikum malamai. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta tara kuɗin da zai sayi tabilet kamar 20, ko kuma majigi biyu da kwamfuta, domin wata ƙaramar sakandare. Ɗalibai 360 ne, aji shida, kowane aji mutum 60. Wuta ba ta da tabbas, intanet sai ta waya. Abin da ke damun iyaye shi ne yara da yawa na shigowa aji ɗaya ba su iya karatu sosai ba, lissafi kuma sai a hankali. Shin waɗannan na'urori na ƙara wa yaro ƙoƙari da gaske? Idan suna yi, wanne ya kamata a saya, kuma yaya za a tsara?

Malamar Karatu:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je kasuwa, ga abin da aka riga aka gani a wasu wurare.

Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa a shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi makarantun karkara 319, ya fitar da sakamako a 2012, yaran sun ƙware da sarrafa kwamfutar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai motsa ba. Dalili a fili yake: na'urar ba ta haɗu da darasin da ake yi a aji ba, malamai kuma sun ci gaba da koyarwa yadda suka saba. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arzikin ƙasashe, na 2015 ma ya nuna cewa ɗaliban da suka fi yawan zama gaban kwamfuta a makaranta ba su ne suka fi ƙoƙari ba, sau da yawa ma su ne a baya.

A Delhi ta Indiya kuwa an gwada wata manhaja mai suna Mindspark da 'yan ƙaramar sakandare, cikin wata huɗu da rabi aka ga ci gaba sosai a lissafi da harshen Hindi. Abin da manhajar ke yi shi ne ta fara gwada yaro ta gano inda ya tsaya. In yana aji ɗaya na sakandare amma lissafinsa na ɗan aji uku na firamare ne, daga can za ta ɗauko shi, ta riƙa ba shi tambayoyi daidai ƙarfinsa, tana nuna masa kuskurensa nan take. Wannan shi ne aikin da malami ɗaya ba zai iya yi wa mutum 60 a minti 40 ba. Kuma a lura, rabin lokacin ne kawai yaran ke kan kwamfuta, sauran rabin suna tare da malami a ƙaramin rukuni.

To tunda matsalarku ta tushe ce, ni tabilet zan zaɓa, amma da sharaɗi. Majigi yana nuna wa kowa abu ɗaya a lokaci ɗaya, wanda bai iya haɗa baƙi ba zai kalli bango ne kawai kamar yadda yake kallon allo.

Sai kuma lissafin lokaci, wanda a nan ne yawancin makarantu ke tuntuɓe. In kowane yaro zai samu minti 30 sau uku a mako, awa ɗaya da rabi ke nan. Ɗalibai 360 na buƙatar awa 540. Raba wa tabilet 20, kowace sai ta yi awa 27 a mako, wato kusan duk lokacin makaranta, ba hutun caji. Ba zai yiwu ba. A taƙaita ga 'yan aji ɗaya su 120: awa 180, kowace tabilet awa 9 a mako. Wannan kam jadawali zai ɗauka. A raba aji gida uku, mutum 20 na kan tabilet da iyafis a kunne, 20 na gaban malami, 20 na rubutu a littafi, sai a riƙa juyawa.

Kafin a kunna ko guda ɗaya, a gwada kowane yaro baki da baki, minti uku ya isa: yana gane haruffa, ko yana karanta kalma, ko gajeren sakin layi, ko labari? A lissafi, yana iya ɗebewa mai aro, yana iya rabawa? A rubuta matakin kowa, a sake gwajin a ƙarshen zango. In ba a yi haka ba, babu mai iya gaya wa tsofaffin ɗalibai ko kuɗinsu ya yi aiki.

Mai Sola:

Malama ta gama da ɓangaren aji, ni ga na wuta, domin kada a kashe duk kuɗin a kan na'ura a bar ta a kwali.

Batirin tabilet ta talakawa, mai 5,000mAh, yana ɗaukar kusan wat-awa 19 (wat-awa ma'aunin yawan wutar da ake sha ko ajiyewa ne). Guda 20 wat-awa 380 ke nan, da asarar caja da inbata a ce 500 a rana. Farantin sola ɗaya mai wat 400, a ranar arewa ta awa biyar mai ƙarfi, bayan an cire asara, zai ba da kamar wat-awa 1,400. Ya wadatar har da kwamfutar malami. Batir mai ruwa na 12V 200Ah yana riƙe wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake ja, in ana kwashe shi ƙarƙaf ba zai yi nisa ba. Majigi mai kwan fitila kuwa yana shan wat 250 zuwa 300, awa huɗu ya cinye rabin batirin nan. Ga shi ajin da tagoginsa ke buɗe da rana hoton ba ya fita, in an rufe kuma zafi ya hana yara zama. In dai don nuna hoto ne ko bidiyon gwajin kimiyya, talabijin mai inci 43 ta fi, wutarta ba ta kai wat 100 ba.

Abubuwan da ke lalata kaya huɗu ne. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage wuta, a goge da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe sau biyu a mako, ba da tsakar rana gilashi na zafi ba. Zafin Maris da Afrilu yana kumbura batirin tabilet in ana caji cikin akwatin ƙarfe a rufe ƙarƙashin kwano, don haka akwatin ya zama mai huji, a ɗakin da ke da silin. Bakin caji shi ne ke fara mutuwa saboda yara na tura waya a karkace, mutum ɗaya ne zai riƙa sa caji. Sai fashewar gilashi. Shawarata a sayi 16 ko 17 maimakon 20, ragowar kuɗin a sayi riga mai roba da gilashin kariya, wayoyin caji na ajiya, a kuma ajiye na gyara.

Kada a dogara da data. Akwai Kolibri, manhaja ce kyauta da ake sa wa a kwamfuta ɗaya, a haɗa ta da ƙaramar rauta, wato na'urar da ke haɗa su ta wayafai, tabilet duk su shiga ba tare da intanet ba, malami kuma ya ga abin da kowane yaro ya yi. A kulle kowace tabilet a kan manhajar darasi kaɗai da kalmar sirri, in ba haka ba cikin mako biyu za a tarar da fim da wasanni.

Tsohon Sufeto:

Ban ƙi maganar Malama ba, amma ina da ja a wuri ɗaya. Manhajar da ta yi aiki a Delhi da harshen yaran take magana. Yawancin abin da za ku samu kyauta da Turanci ne, da lafazin da ko malamin sai ya kasa kunne. Yaron da bai iya karatun Hausa ba, a sa masa wannan, danne-danne kawai zai yi har ya dace da amsa. Don haka kafin a biya ko sisi, a zaunar da yara biyar mafi rauni, a ba su manhajar minti 20, a tsaya a bayansu ana kallon yatsunsu. In canki-canki suke yi, ba ta dace da su ba. Lissafi ya fi sauƙi domin lamba lamba ce. Karatu kuwa sai an nemi littattafan Hausa na matakin farko, ko a bar wannan ɓangaren a hannun malami da takarda.

Akwai kuma hanya ta uku da ba a ambata ba: a ba malamai na'urar. A yankin Kisumu na Kenya an gwada hanyoyi uku, na'urar karatu ga ɗalibai, tabilet ga malamai, da tabilet ga masu zagayen duba malamai. Duka sun taimaka, amma ba wa ɗalibai ya fi tsada nesa ba kusa ba, bai kuma fi sauran amfani ba. Shi ya sa Tusome, shirin koyar da karatu na ƙasar, ya tafi a kan littafi ga kowane yaro, jagorar darasi ga malami, tabilet ga mai duba aiki. Jihar Edo ma a 2018 malamai ta fara raba wa tabilet mai ɗauke da darasin kowace rana. A Nijar, a yankunan Dosso da Damagaram, an koyar da manya yaƙi da jahilci da ƙaramar waya mai madanni, waɗanda suka koyi tura saƙo suka fi sauran riƙe karatun, saboda suna amfani da shi kullum bayan an tashi.

Horon malamai kuma kada a yi na kwana uku a biki a watse. Awa ɗaya duk mako, malaman lissafi da na harshe su zauna su duba rahoton manhaja, su fitar da sunayen waɗanda suka maƙale a wuri ɗaya, su ne rukunin da malami zai zauna da su mako mai zuwa. A horar da aƙalla mutum uku, domin ranar da aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada makullin akwati da kalmar sirri su tafi da shi.

Malamar Karatu:

Gaskiya ne Baba Sufeto, gwajin yara biyar ɗin nan ya zama sharaɗi na farko. Abu ɗaya zan ƙara, Malam Sakatare. Za a ce muku ai JAMB da kwamfuta ake yi tun 2015, don haka a ba 'yan aji uku su saba. Riƙe linzamin kwamfuta da zaɓar amsa abu ne da yaro ke koya a zama uku ko huɗu, a ware musu Asabar biyu a zango na ƙarshe ya ishe su. Awa tara ɗin nan ta mako a bar wa 'yan aji ɗaya, a rubuta ta cikin jadawali da sunan malamin da ke riƙe da kowane rukuni, a manna a ƙofar ofishin shugaban makaranta.