Waɗanda suka shiga soja, me ya kai ku, me kuka tarar?

Abban Sadik: Salam 'yan uwa. Ƙanina ya gama sakandare, ba aiki ba jari, yanzu ya kafe sai ya cike fom ɗin soja, Hajiyarmu kuma ta ce sam. Don Allah wanda ya shiga ko nasa ya shiga ya faɗa mana tsakani da Allah.

Tsohon Kofur: Wa alaikumus salam. Ni dai ba wani kishin ƙasa da ya kai ni, babu ce ta kai ni. Acaɓa nake a Kano aka hana a 2013, ga mahaifinmu ya rasu ga ƙanne, sai na ji ana ɗaukar kurata. Wata shida a difo na Zariya inda ake horar da kurata, aski ƙwal, tsallen kwaɗo, gwale-gwale, lokacin gani muke ai mun gama shan wuya ashe ko farawa ba a yi ba, ana yaye mu sai Borno. Albashi dai na shigowa, da shi na aurar da ƙannena mata, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ɗana na fari sai da ya fara tafiya na gan shi, kuma har yau in yara suka fasa nokawut da Sallah sai na ji jikina ya ɗau rawa, barci ma rabi da rabi nake yi.

Maman Ilham: Yaya Abban Sadik ku ji ta bakinmu mu matan. Lokacin harin da aka kai sansanin soja na Metele a Borno a Nuwamban 2018 maigidana ba ma a can yake ba, amma wayarsa ba ta shiga, wallahi ko ruwa ban iya haɗiya ba, duk baƙuwar lambar da ta kira sai gabana ya faɗi. Maƙwabciyata a bariki nata bai dawo ba, tana gama takaba ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan Nijar haka abin yake. Harin da aka kai sansanin soja na Inates a Disamban 2019 soja 71 aka rasa, amma samarin unguwarmu ba su fasa neman shiga ba, to me za su yi, noman ma daminar ba tabbas.

Saje Mai Ritaya: Ɗana, kar a tsorata yaron da yawa. Ni sha'awar kaki ce ta kai ni tun ina kallon fareti, kuma da aikin na gina gida na kai tsohuwata Makka. In takardunsa na da kyau ya rubuta JAMB ya nemi NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ya fito hafsa da digirinsa. Fom ɗin kurata kuma kyauta ake cikewa a intanet, duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sa sunansa ɗan damfara ne.

Abban Sadik: Na gode Baba. Lissafi ne bai ci ba, sai dai ya sake zama jarrabawar. Hajiya kuwa ban san ta inda zan ɓullo mata ba.