Wai a waya kaɗai kuɗin gem yake yanzu?

Ɗan Gem: Jama'a ni fa na daɗe ina faɗa ana cewa son zuciya ne, kuɗin harkar gem yanzu a waya yake. Kusan rabin abin da masana'antar ke samu a duniya duk shekara daga wasannin waya yake fitowa, su PlayStation da Xbox da Nintendo da kwamfuta su ne ke raba sauran. Duk kamfanin da bai shiga waya ba ya fara haɗa kayansa kawai.

Gwaska: Haba Yaya, haɗa kaya kamar yaya? GTA V da ya fito a 2013 cikin kwana 3 ya yi cinikin dala biliyan 1, yanzu an sayar da sama da kwafi miliyan 200 kuma har gobe ana saye. Wane gem ɗin jera alewa ne zai yi wannan dan Allah

Ɗan Gem: Gem ɗin alewar da kake rainawa ƙanina, Candy Crush, a 2012 ya fito, kuma a 2023 kamfanin King ya ce ya wuce dala biliyan 20, alhali kyauta ake sauke shi. Kuma tsaya ma, su wa ke da GTA ɗin? Take-Two ko? To su ɗin ne suka cire dala biliyan 12.7 a 2022 suka sayi Zynga, kamfanin wasannin waya. Iyayen gidan naka ma sun san inda maiƙon yake.

Anti Lissafi: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk ku biyun ciniki kuke ƙirgawa, ba riba ba. Mai gem ɗin waya in ya sayar da abin dala 10 a cikin wasa, Apple ko Google, masu shagunan da ake sauke gem a waya, kan fara cire abin da zai iya kai kaso 30 cikin ɗari kafin ya ga ko sisi, ƙananan kamfanoni ne ake rage wa zuwa 15. Sannan abin da ya rage kaso mai tsoka talla yake tafiya, don wasannin da ke cikin shagon sun yi yawan da ba wanda zai ga naka sai ka biya an tura wa mutane shi, kuma tun da Apple ya canza tsarin bibiyar masu waya a 2021 tallar ma ta ƙara wuya, ba ka iya gane wanda zai kashe kuɗi da wanda zai buga kwana biyu ya goge. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, masu shagon su ne gardawan, ba su rubuta gem ɗin ba amma kullum suna ci.

Gwaska: Allah ya biya ki Anti, faɗa masa

Anti Lissafi: Kai ma kar ka yi saurin murna, Sony mai PlayStation da Microsoft mai Xbox da Steam, shagon gem na kwamfuta, su ma kusan kaso 30 ɗin suke cira. A shari'ar Epic, masu gem ɗin Fortnite, da Apple a 2021 wata babbar jami'ar Xbox ta faɗa a kotu cewa ba sa cin riba a kan na'urar kanta, a wasanni da kuɗin rajista suke fanshewa. Ita shari'ar ma ai kan kason nan aka yi ta, Epic suka sa hanyar biyan kuɗi tasu a cikin Fortnite a Agustan 2020, Apple ya fitar da gem ɗin daga shagonsa a ranar.

Sarkin Yaƙi: Salamu alaikum, na ga kun manta da gasar buga gem. A 2021 gasar Dota 2 kyautarta ta kai dala miliyan 40, a 2024 kuma Saudiyya ta sa sama da miliyan 60 a gasar da aka yi a Riyad. Nan gaba yake wallahi.

Ɗan Gem: Wa alaikumus salam. Kyauta kashe kuɗi ce abokina, ba samu ba. Ita gasar Dota ɗin a 2023 miliyan 3 da ɗoriya ta koma, Overwatch League, wata babbar gasar gem, kuma a shekarar aka rufe ta. Gasa talla ce kawai ga mai gem.

Sarkin Yaƙi: To ai talla ma harka ce

Malam Babba: Ni abin da ke damuna daban ne. Kun taɓa zama kusa da mai buga irin wasannin nan kun lura? Ya kai matakin da saura ƙiris ya ci, motsi ya ƙare, sai allo ya fito da hoto mai ƙyalli wai ga ƙarin motsi biyar in ka biya, ga agogo yana ƙirga daƙiƙa a gefe, yatsa na kan maɓallin tun kafin hankali ya dawo. Ko wanda za ka biya a buɗe maka akwati ba ka san me ke ciki ba, wataƙila jarumin da kake nema wataƙila tarkace. Mafi yawan masu bugawa ba sa biyan komai, 'yan tsiraru ne ke zuba kuɗi kamar ba gobe, su ke riƙe da kamfanin. Beljiyam tun 2018 ta ce akwatunan nan caca ne. Caina kuma a 2021 ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da 18 wasan intanet zuwa awa 3 a mako. Kuɗin da gwamnati za ta iya toshe bakinsa da doka ɗaya ni ban kira shi tabbatacce ba.

Gwaska: Gaskiya ne Malam, shi ya sa na fi son in sayi gem sau ɗaya in huta

Anti Lissafi: Huta ina? Kai da ke buga ƙwallon EA? Ultimate Team, ɓangaren wasan da ake sayen katunan 'yan wasa, fa akwatin nan ne dai da Malam ya faɗa aka sa masa rigar 'yan ƙwallo, a shekarar kuɗi ta 2021 ya kawo wa EA sama da dala biliyan 1.6 kuma mafi yawansa ba a waya ba ne. GTA ɗin ma ɓangaren intanet ɗinsa da ake sayen kuɗin cikin wasa shi ya riƙe shi shekara goma da wani abu. Fortnite kyauta ne, riguna da rawa yake sayarwa, ya tara sama da biliyan 9 a 2018 da 2019. Ni a ganina ba na'urar ce ke da kuɗi ba, wasan da ba ya ƙarewa ana ta saye a ciki shi ke da shi, ko a waya ko a talabijin.

Ɗan Gem: To ai salon na waya ne Anti, su suka yaɗa shi. Microsoft da ya biya kusan dala biliyan 69 kan kamfanin gem na Activision Blizzard, shugaban Xbox na lokacin da bakinsa ya ce neman shiga harkar waya na cikin manyan dalilai, King mai Candy Crush na cikin kayan da ya saya.

Gwaska: Su kwaikwaya mana, Sony ya gwada irin wasan da ba ya ƙarewa da gem ɗin Concord a 2024 sati biyu aka sauke shi aka mayar wa mutane kuɗinsu. Mutum yana da gem ɗaya ko biyu da ya riga ya zuba kuɗi da abokai a ciki, me zai kai shi sabo

Ɗan Gem: Wannan kuma a wayar ma haka ne, shi ya sa Tencent, babban kamfanin Caina, bai tsaya a ƙirƙira kaɗai ba ya sayi mafi yawan Supercell, kamfanin wasannin waya, a 2016 kan dala biliyan 8.6. Sayen wanda ya riga ya ci ya fi sauƙi.

Sarkin Yaƙi: Riot ma na Tencent ne, masu gem ɗin League of Legends, kuma gasa ce ta ɗaga shi. Ni dai ban janye ba.