Hutun ƙarshen shekara: wace sana'a zan yi daga gida?

Malamar Aji Uku:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya faɗa min gaskiya komai ɗacinta.

Ni malamar firamare ce. An kusa ba mu hutun ƙarshen shekara, kuma kowa ya san halin wannan lokaci: ga baƙi, ga kayan yara, ga kuɗin makaranta yana jira da zarar an koma. Albashin Disamba ba ya kai mu tsakiyar Janairu. Fita neman aiki ba za ta yiwu ba, domin ina da goyo, kuma surukata tana wurinmu tana jinya, ba a barinta ita kaɗai.

Ina da keken ɗinki na ƙafa da mahaifiyata ta bar min. Na iya ɗinki daidai gwargwado, amma hannuna bai faɗa a yanka ba. Ina da waya mai kyau, da ɗan kuɗin da na daɗe ina tarawa. Wata abokiyar aikina ta ce in saro kayan yara da takalma in riƙa ɗorawa a sitatus. Sai kuma shekaranjiya wata lamba da ban sani ba ta turo min saƙo a WhatsApp, wai kamfaninsu na neman masu aiki daga gida, aikin kawai danna alamar so a kan bidiyo ne, ana biya kullum. Na yi guda uku don gwaji, kuma wallahi sun turo min ɗan kuɗi. Yanzu sun ce in shiga wani zaure a Telegram, a can manyan ayyukan suke. Maigidana bai yarda da abin ba, ni kuma ganin sun biya ya sa na kasa yanke hukunci. Wanne zan kama?

Uwar Tagwaye:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sayar da kaya akwai samu, ni shi nake yi. Amma kada ki saro komai sai an yi oda. Ki samu mai sari da kika yarda da shi, ki karɓi hotunan kayan, ki ɗora, wanda yake so ya biya rabi sannan ki ɗauko. Kayan biki washegarin biki darajarsu ke faɗuwa, takalmin yara kuma in ya yi kwantai, kafin baɗi ƙafafun da kika saya dominsu sun wuce shi. Maganar waya kuwa ban san kanta ba, bari masana su zo.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Anti, don girman Allah ki tsaya nan, kada ki shiga zauren. Damfara ce, kuma kuɗin da suka turo miki yana cikin tsarin aikin. Abin da zai biyo baya shi ne: a zauren za ki tarar da mutane suna ɗora hotunan kuɗin da suka ce sun cira, yawancinsu mutanen 'yan damfarar ne. Sai a ce babban aiki sai kin zuba kuɗi tukuna, za a dawo miki da shi haɗe da riba. Na farko ƙila su dawo da shi. Na biyu ya fi yawa, za ki ga lamba tana hawa a allon wayarki kamar kuɗinki ne, amma ranar da kika zo cirewa sai a ce kin yi kuskure a aikin, ko akwai haraji, sai kin ƙara zubawa kafin a buɗe. Wannan lambar ta allo su ke rubuta ta da hannunsu, ba ta cikin kowane banki.

Hukumar da ke kare masu saye a Amurka, FTC, ta ce a wata shidan farko na 2024 mutum kusan 20,000 ne suka kai mata ƙarar irin wannan damfarar, alhali a duk shekarar 2023 kusan 5,000 ne. Dabarar biyan mutum da farko don ya saki jiki ma tsohuwa ce. Wani ɗan damfara mai suna Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston na Amurka a 1920, ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya har abin ya rushe. Kamfanin zuba kuɗi na bogi mai suna MMM, na wani Sergei Mavrodi, haka ya cinye dukiyar miliyoyin mutane a Rasha a 1994. Aikin gaskiya shi ke biyanki, ba ke ke biyansa ba.

Abu biyu kuma. In sun ce za a riƙa turo kuɗi asusunki ki tura wani wuri ki cire ladanki, ki ƙi, domin kuɗin sata ake wankewa ta sunanki, kuma ƙofarki hukuma za ta fara ƙwanƙwasawa. Lambar sirri da banki ko WhatsApp ke turo miki kada ki karanta wa kowa.

Akwai aikin intanet na halal, rubutu, fassara, zane, a shafuka irin su Fiverr da Upwork. Sai dai ba na gaggawa ba ne. Sabon shiga kan daɗe bai samu kwastoman farko ba, Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na kowane aiki, kuma sabon mai aiki sai ya jira kwana 14 bayan ya gama kafin ya iya cire kuɗinsa. Ki buɗe in kina so don gaba, amma ba shi zai biya kuɗin makarantar Janairu ba.

Hajiya Mai Keke:

'Yata, sannu da jinya, Allah ya ba surukarki lafiya. Tun ina budurwa nake kan keke, da shi na aurar da 'ya'yana, don haka ki ba ni kunnenki. Sana'arki tana ɗakinki a lulluɓe da zane, kina neman ta a waya.

Kin ce hannunki bai faɗa a yanka ba. To kada ki karɓi sabon ɗinki ko guda. Yadin biki in kika ɓata shi, kin biya yadi, kin rasa kwastoma, kin sayi magana. Gyara za ki kama. A wannan lokacin duk wani babban tela aiki ya yi masa yawa, ba ya ko kallon mai zif ɗin da ya lalace. Ni kaina idan aiki ya taso korar masu gyara nake yi, ina jin zafin hakan amma ba yadda zan yi. Rage tsawon wando, kalmasa, matse riga, saki inda ya matse, canza zif, sa roba a ƙugu, maɓallin da ya fita, mayar da rigar yaya ta zama ta ƙanwa. Mutane suna sayen kayan kanti su tarar ba su zauna a jiki ba, kuma gobe suke son sawa. Mai wannan larurar ba ya dogon ciniki. Gyara ba ya cin jari, ba ya kwantai, kuma kina iya ajiye shi ki tashi in mara lafiya ta kira ki.

Abin da ke kashe masu sana'ar gida ba rashin kwastoma ba ne, rashin lissafi ne. Kafin ki sa kuɗin aiki, ki ɗauki tsohon wando ki canza masa zif kina duba agogo. Ki san minti nawa yake cinki. Ki haɗa da kuɗin zif ɗin, da zare, da allura, da man keke, da wutar guga, sannan ki ɗora ladan hannunki. Mata da yawa kayan aiki kawai suke lissafawa, su manta da bayansu da idonsu, su wuni a kan keke, da yamma abin da ya rage bai kai ya kawo ba.

Ki sayi littafi guda. Suna, abin da aka kawo, abin da za a yi masa, ranar karɓa, nawa aka bayar, nawa ya rage. Ki liƙa 'yar takarda a jikin kowane kaya, don idan baƙaƙen wanduna suka taru duk kamarsu ɗaya. Ki karɓi kafin alƙalami, ko da rabi ne, kuma kaya ba ya fita sai an cika. Kuɗin zare da zif ki ware musu wuri dabam, kada ki taɓa su a cefane, in ba haka ba rana tsaka za ki ga aiki a gabanki babu abin yinsa.

Sannan ki sa ranar rufe karɓar aiki, kwana biyu ko uku kafin biki, ki faɗa wa kowa tun farko. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ga teloli da suka fi ni hannu sun zubar da sunansu saboda alkawarin da suka ɗauka ranar jajibiri, mutane na zaune a ƙofa har tsakar dare. Ke ga goyo ga jinya, ki ƙiyasta abin da za ki iya a rana, ki karɓi ƙasa da shi.

Kuma kada ki zaci kasuwar za ta mutu bayan biki. Makon komawa makaranta wani cinikin ne: yunifom ɗin da ya ɗage, aljihun da ya yage, hannun jaka, bajo. Ke da kike malama kin fi kowa sanin yadda yara ke dawowa.

Tun yau ki buɗe keken ki share, ki zuba masa mai, ki duba igiyarsa, ki gwada a kan tsumma. Keken da ya daɗe a ajiye yana tsallake ɗinki.

Tsohon Hedimasta:

Malama, ban ƙi ta Hajiya ba, amma ina ganin an tsallake abin da kika fi ƙwarewa a kai. Iyaye da yawa suna neman inda za su kai yara da safe lokacin hutu, musamman waɗanda karatu da lissafi suka yi musu nauyi. Yara kaɗan, awa biyu, allo ƙarami, shi ke nan jarin. Ki karɓi kuɗin mako a farkonsa. Sai dai ki kiyaye, kada ki ɗauki yaran ajinki, domin makarantu da dama sun hana, kuma ko ba a hana ba za a ce saboda lesin kike ba su maki. Ki duba dokar wurin aikinki. Kada ki tara yaran da suka fi ƙarfin idonki, amanar mutane ce.

Malamar Aji Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na toshe lambar nan, na kuma gargaɗi abokiyar aikina don ita ma sun turo mata. Baba Hedimasta, lesin ya kwanta min, amma hayaniyar yara ba za ta bar mara lafiya ta huta ba, sai dai wani hutun. Gyaran zan kama. Hajiya, abu ɗaya ke damuna. Dangi da maƙwabta su za su fara kawowa, kuma ina jin nauyin in ce su biya. Sannan ta yaya mutane za su san na fara?

Hajiya Mai Keke:

Nauyin nan kowa ya ji shi, 'yata. Ki faɗi kuɗin tun kayan suna hannun mai su, kafin ki karɓa, da fara'arki. Bayan kin gama aiki faɗar ta fi wuya. In akwai wadda kika san ba ta da shi, ki yi mata don Allah, amma ke za ki zaɓa, kuma ki ce mata kyauta ce. Wanda ke ɓata zumunci shi ne “zan aiko miki”, ke kina jira, ita tana kauce wa haɗuwa da ke.

Sanarwa kuwa, ki gyara kayan 'ya'yanki biyu ko uku, ki ɗauki hoto kafin gyara da bayansa a wuri mai haske. Jikata ce ta sa min WhatsApp Business, kyauta ne, yana da wurin jera hotunan aiki da kuɗinsu, ba sai kina maimaita wa kowa ba. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ki riƙa sabuntawa kullum. Ki kuma aika wa telan da ya fi kusa da ke cewa duk mai gyaran da ya kora ya turo miki. Zai ji daɗi, don kin ɗauke masa masu tsaya masa a ka. Ki fara sayen zare baƙi da fari da ruwan toka, da allura mai kauri ta wandon jins, sauran launuka ki saya idan aikinsu ya zo.