Kayak da Hausa, da kalmomi biyu na rashin kifewa

Mai fassara, Gombe:
Salamu alaikum jama'a. Ina fassara wani rubutu kan kayak, siririn jirgin nan da mutanen Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada suke farauta da shi. Asali fatar dabbar teku suke ɗinkewa a jikin ƙirar itace ko ƙashi, su rufe samansa, su bar rami ɗaya inda mutum zai zura ƙafafu ya zauna. Sunan bai dame ni ba. Inda na cije shi ne, masu ƙera shi sun raba rashin kifewar jirgi gida biyu, ni kuwa "daidaito" kaɗai ke zo mini.

Malamar Hausa, Kumo:
Wa'alaikumus salam. Sunan ma ya kamata ya dame ka, Malam. Ka rubuta "kayaki", mai karatu ya ɗauka kayayyaki kake nufi. Ka ce rufaffen kwale-kwale, in ka so ka ƙara "mai filafili baki biyu" a ambaton farko. To, mene ne gida biyun?

Mai fassara:
Na karɓa, Malama. Na farko shi ne yadda jirgi ke zama cak a ruwa kwance. Mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi, irin na 'yan shaƙatawa da faɗinsa kan wuce santimita 70, shi ne gwani a nan. Na biyu kuwa sai jirgi ya karkata ake ganinsa: zai tsaya a gefensa ya dawo, ko zai zarce? Na teku, mai faɗin santimita 55 zuwa 60 da gindi mai ɗan tsini, da ka shiga za ka ji yana rawa, amma ka kwantar da shi gefe sai ya ƙi kifewa. Na tseren Olamfik na mutum ɗaya, mai tsawon mita 5.2, ba a maganarsa, sabon shiga ko zama ba zai iya ba.

Masunci, Dadin Kowa:
Ai wannan mun san shi a dam, suna ne dai ba mu sa masa ba. Ɗora tire da ƙwarya a kan ruwa. Tire zai zauna kamar an dasa shi, ƙwarya kuwa ta yi ta reto. Bari iska ta taso. Tire bin bayan igiyar ruwa yake yi, in ta karkata ya karkata, ruwa ya hau shi. Ƙwarya tana ta rawarta, ba ta nutse ba. Shi ya sa baƙo ke zaɓar jirgi mai faɗi, mu kuma mu duba sama tukuna. Na farkon dai natsuwa ce.

Malamar Hausa:
Madalla da Baba! Na biyun kuma turjiya. Ana jan ka zuwa kifewa, ka kafe ka ƙi.

Ɗalibi, Bauchi:
Malama, a gafarce ni, turjiya ba ta jaki ba ce? Me ya hana "juriya"?

Malamar Hausa:
Juriya shanye wahala ce, ɗana. Jirgin nan ba shanyewa yake ba, gardama yake da ruwa. Jakin ma ai abin da muke nema ke nan.

Mai fassara:
Shi ke nan, na rubuta: mai faɗi ya fi natsuwa, siriri mai tsinin gindi ya fi turjiya.

Masunci:
Ka ƙara musu cewa kowanne suka hau, kada su miƙe tsaye a ciki.