Shin canza furosesa zai magance mini wannan matsalar?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati uku ke nan ina juya wannan magana a raina, na kasa yanke shawara.

Kwamfutar da nake wasa da ita tana da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 2600, wanda ya fito a 2018, a kan madabod (babban allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kai) B450, da RAM 16GB da katin hoto RTX 3060. Ta yi mini hidima sosai. Amma yanzu da na shiga gari mai cunkoso a cikin wasa, sai hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya, daga firam (hotunan da ake nunawa a daƙiƙa ɗaya) 90 ya faɗo 45. Na buɗe manhajar da ke auna aikin na'urori, na ga katin hoton bai wuce kashi 60 ba, furosesan kuwa wasu ƙwaƙwalensa (sassan da ke yin lissafi a cikinsa) sun cika maƙil. Na rage ingancin hoto, babu abin da ya canza.

Hankalina ya fi karkata ga Ryzen 7 5800X3D, saboda soket ɗinsu (mazaunin furosesa a kan madabod) ɗaya ne da nawa na yanzu, AM4, sabunta BIOS (manhajar da ke cikin madabod) kawai zan yi. Ma'ajinsa na L3 (ma'ajin bayanai mai sauri da ke cikin furosesa) ya kai 96MB, na tsohon kuwa 16MB. Abin da ke hana ni barci shi ne daga nan hanyar ƙara inganta kwamfutar a kan AM4 ta ƙare. Komawa sabon soket AM5 kuma sai da sabon madabod da RAM na DDR5, aljihuna ba zai ɗauka ba yanzu.

Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan canjin a allon 1080p, tsayawar hoton ta daina? Kuma fankar da ta zo da tsohon za ta iya sanyaya sabon?